Tafasa Tana Neman Wurin Tsayawa A Birnin Bauchi

Kowace ƙasa tana da irin ciyawar da mutanenta suke takawa da rana, sa'an nan su same ta cikin akushi da dare. A ƙasashen Turai akwai wata 'yar ƙaramar ciyawa mai yaɗo, mai farin fure kamar tauraro, wadda mutanen Ingila suke kira ciyawar kaji saboda yadda kaji da tsuntsaye suke son ta. Masana tsirrai suna ce mata Stellaria media. Tana fitowa cikin lambuna da gindin katanga ba tare da kowa ya shuka ta ba, manoma suna tsine mata, amma talakawan can sun daɗe suna cin ganyenta, suna kuma haɗa man shafawa da ita domin ƙaiƙayin fata. A Japan ma tana cikin ganyaye 7 da ake dafawa tare da kunun shinkafa ran 7 ga watan Janairu na kowace shekara. Ciyawar sanyi ce, ba za ta jure zafin Bauchi ba. Amma matsayin da take riƙe da shi a can, akwai mai riƙe da irinsa a nan, watau tafasa.

Duk wanda ya taso a Bauchi ya san tafasa, ko da bai taɓa tsayawa ya dube ta da kyau ba. Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni sai ta huda ƙasa, a bakin hanya, da kan juji, da cikin kango, da burtali, da tsohon mashekarin shanu. Kowane reshen ganyenta yana ɗauke da ƙananan ganyaye 6, biyu-biyu suna fuskantar juna, masu faɗi a gaba, tsukakku a gindi. Suna kama da na gyaɗa, sai dai na gyaɗa 4 ne. Inda ƙasa take da taki takan kai ƙugun babban mutum ko ta wuce, inda kuwa tsandauri ne ba ta wuce gwiwa. Wajen ƙarshen damina sai ta yi fure rawaya, kana ta fitar da dogayen kwasfa sirara masu lanƙwasa kamar lauje, cike da ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, masu sheƙi. Gindi ɗaya yakan zubar da ƙwayoyi dubbai, ɓawonsu kuwa yana da tauri ƙwarai, har sukan yi shekaru cikin ƙasa ba su ruɓe ba, suna jiran ruwa.

Dangin wake da gyaɗa ce, amma ba ta da 'yan ƙululun nan na saiwa waɗanda wake da gyaɗa suke ƙara wa ƙasa ƙarfi da su. In aka murje ɗanyen ganyenta yana da wani irin ƙauri, shi ya sa awaki da shanu suke ratse ta su wuce, kuma shi ya sa take mamaye duk inda kiwo ya cinye sauran ciyawa. Masana sun daɗe suna kiranta Cassia, har zuwa 1982 da aka sake tsara danginta, aka mai da sunanta Senna obtusifolia. Sun kuma fi rinjaya a kan cewa asalinta daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne. In haka ne, lalle baƙuwar ta daɗe da zama 'yar gari, domin Fulani suna da sunan da suke kiranta, tasba, kuma Likita Dalziel, wanda ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a 1916, ya tarar da ita da sunanta da amfaninta a bakin mutane.

A cikin tsohon birni, can wajen unguwar Jahun, akwai wata dattijuwa da ta doshi shekara 70, wadda ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye na boko ba, amma ta san tafasa kamar yunwar cikinta. A wani ƙauye ta hanyar Ningi aka haife ta. An kawo ta birni tana amarya a 1972, sa'ad da Bauchi take ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas, gwamna yana Maiduguri. Shekara ta zagayo, watau 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, sai ga fari ya auka wa ƙasar Arewa da maƙwabtanta. Tana da cikin fari a lokacin. Hatsin da 'yan'uwa suka saba aikowa daga ƙauye bai zo ba, abin da yake kasuwa kuwa ya fi ƙarfin maigidanta, wanda ɗan ƙaramin maɗinki ne.

Abin da ta fi tunawa daga wannan damina shi ne yadda mata suke fita tun da asuba, su bi ta Ƙofar Jahun ko Ƙofar Dumi, kowacce da ƙwaryarta. A wancan zamani da an fita bayan ganuwa an shiga gonaki da saura. Gero ya ƙone a tsaye, amma tafasa ta fito, domin ɗan yayyafin da bai ishi hatsi ba ya ishe ta. Sukan tsinko kan ganyen mai taushi, su dawo kafin rana ta yi zafi. A wanke, a dafa da 'yar kanwa, a zubar da ruwan farko, a matse, sa'an nan a kwaɗanta da dakakken ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono. In an sami ɗan tsaki sai a turara dambu da ita, mudu guda ya yi aikin biyu. Abin da ya ragu a shanya a inuwa, a adana don miyar rani. Da wannan ta kai wata tara, da shi kuma ta shayar da ɗanta na fari. Bayan shekara biyu, a 1975, cutar da ta lalata gyaɗa a Arewa ta sa ƙuli-ƙulin ma ya yi wuya, aka koma kwaɗo da gishiri da daddawa kawai.

Ba ta taɓa cewa tafasa ta fi nama daɗi ba. Abin da take cewa shi ne, tafasa tana zuwa daidai lokacin da ake bukatarta. Watan Agusta shi ne tsakiyar damina a Bauchi, lokacin marka, kuma shi ne lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba. A wannan tsakanin ne ganyenta yake cika. Rumbu ce da ba wanda ya gina, ba wanda ya zuba mata hatsi, kuma ba mai makulli. Marayu da zawarawa da almajirai duk hakkinsu ɗaya a cikinta. Har agogo ma takan yi wa dattijuwar, gama ganyen tafasa yakan naɗe ya rufe idan rana ta yi ƙasa, ya buɗe da safe. In ta leƙa bayan ɗaki ta ga ya fara rufewa, sai ta ce wa yara su kora kaji akurki, magariba ta gabato.

To, a bayan ɗakin nan nata akwai wani ɗan fili da bai fi taku goma ba, tsakanin katangar gida da lungu. Shekara da shekaru tafasa ke fitowa a wurin, tare da lalo da rukuɓu da 'yar gasaya. A kan wannan fili ne ita da ɗan nan nata na fari suka daɗe ba su jitu ba. Shi akawu ne a wani ofishi, ya haura shekara 50, mutum mai biyayya, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. A ganinsa ciyawa a bayan ɗaki matattarar sauro ce da macizai, duba-gari suna iya yin magana, ga shi kuma wurin zai ɗauki shago wanda kuɗin hayarsa zai taimaka wajen makarantar yara. Akwai kuma abin da bai cika faɗa ba, watau kunya. Shi da yake ma'aikaci ba ya so a ce mahaifiyarsa tana tsinkar ganye a lungu kamar wadda ba a ciyar da ita.

Ran nan ya shigo da tankin feshi da ya aro, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri a share wurin nan. In kwaɗo kike so, ai ana sayarwa a kasuwa, sai a riƙa sayo miki."

Ita kuwa ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta kau da kai ta ce, "Kai dai ka mayar wa mai shi abinsa. Shekarar da ka zo duniya ba shinkafa ce ta kawo ruwan da ka sha ba. In na mutu ka zuba siminti har ƙofar ɗakin."

Ya tashi bai ƙara magana ba, aka mayar da tanki, amma zancen shago bai mutu ba.

Gardamar cikin gidan nan hoton abin da ya faru ga birnin ne gaba ɗaya. Tun daga 1976, da Bauchi ta zama babban birnin jiha, gari yake ta cin gonakin da suke kewaye da shi. Wuraren da matan 1973 suka yi tsinka yau unguwanni ne. Fadamar Mada sunan fadama kawai ya rage mata, Yelwa da Gwallameji sun cika da ɗakunan ɗalibai, Tirwun da Miri da ake kira ƙauye sun kusa haɗewa da gari. Wannan ci gaba ne, ba kuwa mai cewa a rushe gida don ciyawa. Amma sakamakonsa shi ne tafasar da ake kasawa a kasuwar Muda Lawal da ta Wunti daga nesa ake kawo ta, abin da yake kyauta jiya ya zama na kuɗi, wanda kuwa ya fi bukatarta shi ne wanda ba shi da kuɗin.

Abin da gini ya bari, maganin feshi ya bi shi. A da fartanya ce take nome ciyawa, mai noma kuwa yana ganin abin da yake sara, yakan bar gindin lalo ko na tafasa a gefen kunya saboda matan gida. Maganin feshi ba ya tambayar sunan ganye. Yanzu ana fesa shi a gonaki, da harabar makarantu da ofisoshi, da gefen titi, har da ƙofar gida. Babban haɗarin shi ne wasu irin magungunan ba sa nuna aikinsu nan take. Ganye yakan yi kwanaki yana kore shar bayan an fesa shi, kafin ya soma yin rawaya. Yarinyar da aka aika tsinka ba ta da hanyar sanin ko jiya da yamma wani ya bi wurin da tanki. Haka kuma jujin yau ba irin na da ba ne, wanda toka ce da kashin awaki. Na yau akwai tsofaffin batura da baƙin mai da ruwan kwata, ganyen da ya tsiro a kansu kuwa ba abin da za a ba yaro ba ne.

Sanin ganyen ma kansa yana ja da baya. Wata rana dattijuwar tana fama da ciwon gwiwa, ta aiki jikarta 'yar sakandare ta tsinko mata tafasa a wani kango. Yarinya ta dawo da leda cike. Tsohuwa ta zazzage a faifai, ta duba, ta kama haɓa.

"Ke kishiya, so kike ki gama da ni ki gaje ɗakin? Wannan ai rai-ɗore ce."

Yarinya ta ce, "Wallahi Kaka, duk ɗaya suke. Furen ma iri ɗaya ne."

Sai ta zaunar da ita ta nuna mata. Ganyen rai-ɗore yana da tsini a baki kamar mashi, na tafasa kuwa bakinsa a zagaye yake. Na tafasa 6 ne a reshe, na rai-ɗore yakan fi haka. Kwasfar rai-ɗore tana da faɗi, ta tafasa siririya ce. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, su da filasko, amma kowacce da aikinta. Filasko na wankin ciki ne. Rai-ɗore, wadda wasu suke kira sanga-sanga, an fi saninta wajen surace da wanka idan zazzaɓi ya kama mutum. Ɗanyun 'ya'yanta kuwa guba ne. A arewacin Indiya, cikin yammacin jihar Uttar Pradesh, an yi shekaru wata cuta tana kashe ƙananan yara bayan kowace damina, ana zaton ƙwayar cuta ce, sai a 2007 likitocin yara na can suka bayyana cewa cin ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro ne yake lalata musu hanta da ƙwaƙwalwa. Ita tafasar ma, ɗanyun 'ya'yanta suna cutar da kaji da dabbobi idan suka cakuɗu da abincinsu da yawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, musamman a kan abin da za a kai baki.

Wajen magani, dattijuwar ba ta wuce abu biyu da ta gada. In yaro ya fito da makero, takan daka ganyen ko 'ya'yan ta shafa masa. In ciki ya ɗaure, takan ba da ɗan ruwan dafaffen ganyen da ya manyanta. Binciken zamani bai ƙaryata ta ba, domin an sami sinadarai a cikin tsiron waɗanda suke motsa hanji, suke kuma hana wasu cututtukan fata yaɗuwa. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu dafawa suke zaɓen ganye mai taushi, suna zubar da ruwan farko. Amma ita kanta ba ta yarda a ɗiga wa ido ruwan ganye ba, kuma in ciwo ya wuce kwana uku takan ce a tafi asibiti.

Da ɗan nata ya san darajar da ciyawar take da ita a wasu ƙasashe, wataƙila da kunyarsa ta ragu. A yammacin Sudan, wajen Darfur, da kuma Cadi, ana daka ɗanyen ganyen a cusa cikin tukunyar ƙasa, a binne ta kamar mako biyu har ya ruɓa irin na daddawa, sa'an nan a shanya. Sunan abin kawal, kuma shi ne yake tsaya wa talaka a madadin nama cikin miya, gama kimanin kashi 20 cikin 100 na busasshensa, ko fiye, sinadarin gina jiki ne. A Jamhuriyar Nijar ana kasa ganyen a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, ɗanye da busasshe. A Sin da Koriya da Japan ana soya 'ya'yan a yi shayi da su, masu maganin gargajiya na Sin kuwa sun daɗe suna ba da su don lafiyar ido. Daga cikin ƙwayar kuma ake fitar da wani gari mai sa abinci kauri, wanda Tarayyar Turai ta yarda a riƙa sa shi cikin abincin mutane a 2010. Saboda wannan bukata ne 'yan kasuwa a Arewacin Nijeriya suke sayen 'ya'yan tafasa buhu-buhu ana fita da su zuwa Asiya. A kudancin Amurka kuwa manoman gyaɗa da waken soya kuɗi suke kashewa kowace shekara don su hallaka ta.

Amma ba labarin Sin ko na Turai ne ya raba gardamar gidan ba. Tsadar rayuwa ce. Bayan da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, farashin abinci ya yi ta hawa, har daminar 2024 ta iske magidanta da yawa a birni albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata. Akawun nan yana cikinsu. Matarsa, wadda a da ba ta sa kwaɗo cikin lissafin girki, ta soma zuwa ɗakin surukarta da kwano, ta durƙusa ta ce, "Inna, a san mana ganye." Maƙwabta ma suka riƙa aiko yara, domin sun san wannan ɗan fili ba a taɓa fesa shi ba. Tsohuwa ta shiga rabo, tana nuna musu yadda ake tsinke kan kawai a bar gindin, don ya sake tofo cikin 'yan kwanaki. Ba ta yi wa ɗanta gori ba, shi kuma bai ce komai ba, illa dai an ga yana cin dambun da aka kai masa bai bar saura ba.

Da kaka ta yi aka gina shagon, domin bukatar kuɗin makaranta ba ta gushe ba. Sai dai an rage masa faɗi, aka bar mata wajen taku uku a jikin katanga, shi da kansa ya kewaye wurin da tsohon langa-langa saboda kada mai haya ya zuba shara. Ita kuma ta yi abin da uwarta da kakarta ba su taɓa yi ba. Ta bi kwasfan da suka bushe ta murje, ta tara ƙwayoyin cikin gwangwanin madara, ta ce da faɗuwar ruwa za ta watsa, ta kuma ɗiba wa duk matar da take da ɗan wuri a gidanta.

A nan ne maganar take. Tafasa ta yi wa mutanen ƙasar nan hidima ne saboda ba ta bukatar kowa, don haka ba wanda ya saba tunanin yi mata tanadi. A ƙauye har yanzu tana iya kula da kanta. A cikin birni kuwa zamanin nan ya wuce, in ba a ware mata wuri da gangan ba, to, ba za a same ta ba ranar da ake nema. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Mai gida ya bar ɗan gefe inda feshi da ruwan kwata ba sa kaiwa. Wanda ya fesa fili a cikin gari ya kafa alama, ko ya sanar da mai unguwa, don kada yara su tsinka. Malaman aikin gona a makarantun firamare su fita da yara bayan aji su nuna musu tafasa da rai-ɗore gefe da gefe, tun tsofaffin da suka san bambancin suna raye. Fari da tsada ba sa aiko da sallama kafin su zo. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya sa a ci kwaɗo don marmari.